Yawon 'Yan Wiwi A Amurka: Jiha Ta Yarda, Tarayya Ta Hana

Ran 1 ga watan Janairu na shekarar 2014, tun da sassafe, cikin tsananin sanyin hunturu, mutane suka yi dogon layi a ƙofar waɗansu kantuna a birnin Denba, hedkwatar jihar Kolorado ta ƙasar Amurka. Abin da suka zo saye shi ne tabar wiwi, kuma a wannan rana ce aka fara sayar da ita a fili ga duk wanda ya kai shekara 21 da haihuwa, ba tare da ya nuna takardar likita ba. Cikin layin kuwa akwai baƙi da yawa waɗanda suka tuƙo mota daga waɗansu jihohi. Daga nan ne aka sami wani sabon salon yawon buɗe ido, wato mutum ya ɗauki mota ya bi jihohin da suka halatta wiwi ɗaya bayan ɗaya.

Asalin al'amarin shi ne ƙuri'ar da jama'ar Kolorado da na jihar Washinton suka jefa cikin watan Nuwamba na 2012, inda suka amince a halatta wiwi don nishaɗi. Oregon da Alaska suka bi sahu a 2014, sa'an nan Kalifoniya da Nebada da Masacusets da Men a 2016. Ya zuwa ƙarshen 2023, jihohi 24 daga cikin 50 ne suka yi haka. Babban abin da ya jawo hankalin gwamnatocin jihohi shi ne haraji: a Kolorado kaɗai kuɗin da aka tara daga wiwi ya haye dala miliyan dubu ɗaya a 2019, kuma dokar ta ware dala miliyan 40 na farko daga harajin sari a kowace shekara domin ginin makarantu.

To amma fa akwai wani hanzari ba gudu ba. Tun 1970 dokar gwamnatin tarayya ta Amurka ta haramta wiwi, kuma har yanzu ba ta halatta shanta don nishaɗi ba. Saboda haka matafiyi yana tafiya ne a ƙarƙashin dokoki biyu masu karo da juna, kuma wadda za ta hau kansa ta dogara ne ga inda tayar motarsa take a wannan sa'a.

Daga Denba Zuwa Bakin Teku

Hanyar da masu wannan yawo suka fi so takan fara ne daga Denba, ta nufi yamma ta cikin duwatsun Roki. Mai saye yakan nuna katin shaida ko fasfo, a sayar masa abin da bai wuce oza ɗaya ba, wato wajen giram 28. Galibin cinikin da tsabar kuɗi ake yi, domin manyan bankuna suna tsoron dokar tarayya. Bayan ya saya kuma sai ya tarar wurin sha yana da wuyar samu: an hana a titi, an hana a cikin mota, yawancin otal-otal ma ba su yarda ba. In ya ce bari ya shiga gandun dajin ƙasa na duwatsun Roki ya huta, to ya taka ƙasar gwamnatin tarayya ke nan, inda dokar jiha ba ta da ta cewa.

Da zarar ya fita Kolorado ta yamma, sai ya faɗa jihar Yuta, wadda ba ta yarda da wiwi ba sai ga marasa lafiya masu izni. Ƙunshin da ya saya bisa ƙa'ida da safe ya zama abin kama shi da maraice, kuma ƙetare iyakar jiha da shi laifi ne a dokar tarayya, ko da jihohin biyu duka sun halatta. Maƙwabtan Kolorado sun daɗe suna kuka da wannan. A watan Disamba na 2014 jihohin Nebraska da Oklahoma suka kai ta ƙara Kotun Ƙoli, suna cewa wiwinta tana malalowa cikin ƙasarsu, amma a 2016 kotun ta ƙi sauraron ƙarar.

Zango na gaba shi ne Las Begas a Nebada, birnin caca, inda aka fara sayarwa ran 1 ga Yuli, 2017. Akwai manyan kantunan wiwi a can, amma gidajen caca ba su bari a sha a harabarsu, don kada su rasa lasisinsu. A 2018 har akwatuna aka kafa a filin jirgin saman birnin domin fasinja ya jefa abin da ya rage masa kafin ya shiga.

Daga nan sai Kalifoniya, wadda ita ce ta fara halatta wiwi don magani a 1996, ta kuma buɗe kantunan nishaɗi a farkon 2018. Babbar hanya mai lamba 101 ta bi bakin teku ta ratsa gundumomin Mendosino da Hambolt, waɗanda tare da Tiriniti suka yi suna wajen noman wiwi tun zamanin da ake yinsa a ɓoye. Hanyar ta zarce Oregon da Washinton. Wanda kuwa ya karkata gabas ya shiga Aidaho, ya shiga jihar da ba ta yarda da wiwi ba ko don magani. Shi ya sa ƙaramin garin Ontariyo na Oregon, da ke bakin iyaka, ya cika da kantuna, masu saye kuwa da yawansu daga birnin Boisi na Aidaho suke zuwa.

Abin Da Ya Sami Wani Ɗalibi

Bayan dokar, akwai batun ƙarfin abin da ake sayarwa. Sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba a wiwin da ake kamawa a Amurka wajen 1995. A kantunan yau kuwa ba abin mamaki ba ne a ga wadda ta haura kashi 20. Ana kuma sanya shi cikin alewa da biskit da cakulan, waɗanda ba sa fara aiki sai bayan sa'a ɗaya ko biyu, har mutum ya zaci bai ci kome ba ya ƙara.

Cikin watan Maris na 2014 wani ɗalibi ɗan ƙasar Kongo mai shekara 19, wanda yake karatu a jihar Wayomin, ya zo Denba hutu tare da abokansa. Ɗaya daga cikinsu ya sayo biskit mai ɗauke da miligiram 65 na THC, aka ce a raba shi shida. Yaron ya ci yanki ɗaya, da bai ji kome ba sai ya cinye sauran. Cikin dare hankalinsa ya gushe, ya faɗo daga hawa na huɗu na otal ɗin da suka sauka, ya rasu. Bayan wannan ne Kolorado ta tsananta ƙa'ida, aka wajabta raba irin waɗannan kayan ci zuwa kashi-kashi na miligiram 10, kowanne da alamarsa. Haka kuma a Kolorado da Washinton direban da aka samu da nanogiram 5 na THC a kowace mililita ta jininsa yana iya fuskantar tuhumar tuƙi cikin maye.

Baƙo Ya Fi Kowa Shiga Haɗari

Wanda ya fi kowa asara a wannan rikicin dokoki shi ne baƙon da ya shiga Amurka da biza, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mai ziyara. Harkar shige da fice ta gwamnatin tarayya ce kaɗai. Mutumin da ya amsa da bakinsa a gaban jami'in iyaka cewa ya sha wiwi, ko da a Denba ne, ana iya hana shi shiga ƙasar. A watan Afrilu na 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa shan wiwi ko aiki a kantinta yana iya hana mutum samun takardar, ko da jihar da yake zaune ta halatta. Kanada ma, wadda ta halatta wiwi a faɗin ƙasarta ran 17 ga Oktoba, 2018, ta hana a shiga ko a fita da ita ta iyakarta.

Ga ɗan Nijeriya kuwa maganar ba ta ƙare a can ba. Wiwi haramtacciya ce a ƙasar nan, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta sha kama irin mai ƙarfin nan da ake shigowa da ita daga Amurka da Kanada a filayen jirgin sama da tashoshin jiragen ruwa. Rasidin kantin Denba ba ya wanke kowa a filin jirgin saman Legas ko na Kano. Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a can ya kamata su fahimtar da su cewa izinin da jiha ta bayar yana ƙarewa ne a kan iyakarta, biza kuwa tana hannun gwamnatin da ba ta ba da wannan izini ba.