Karnen Allura Ba Takardar Ƙunshe Ƙosai Ba Ce

A bazarar da ta wuce na raka wata 'yar uwata wani ƙaramin asibiti a nan Garwa. Kusa da mu wata mata ce riƙe da ɗanta, jikinsa ya feso da ƙyanda, idanunsa jawur. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta, "Mama, an yi masa allurar ƙyanda?" Ta ce wallahi babu wadda ta wuce shi. Da aka ce ta kawo karne, wato katin allurar yaron, sai ta zaro wata takarda daga ƙasan jaka, manja ya jiƙa rabinta, ɓera ya gutsure gefe. Ɗan abin da ya rage yana nuna rabon yaron da allura tun yana wata uku da rabi, alhali ta ƙyanda sai a wata tara ake yi. Kafin mu fito, mata biyu a kan benci har sun yanke hukunci: an yi wa yaro allura, kuma ga shi ya kamu.

Haba jama'a! Da yaro ɗaya ake auna allura? Masu bincike kasa yara suke yi rukuni-rukuni: waɗanda ba a taɓa yi musu ba, waɗanda aka fara aka bari, da waɗanda suka kammala. Sai a bi su tsawon lokaci, a ƙirga nawa suka kamu cikin kowane dubu, a gwada wannan rukuni da wancan.

Haka aka yi da allurar zazzaɓin cizon sauro, RTS,S, wadda Kamaru ta riga kowace ƙasa sa ta cikin jerin alluran yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairun 2024. Daga 2009 zuwa 2014 an gwada ta a kan yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai, kuma ƙuri'a ce ta raba su, ba son ran likita ba. Cikin 'yan wata 5 zuwa 17, waɗanda suka samu allura huɗu zazzaɓinsu ya ragu da kashi 36 cikin ɗari a kusan shekara huɗu, masu uku kuma da kashi 28. Ragewa aka ce, saboda haka kada kowa ya naɗe gidan sauro.

Amma da zarar allura ta shiga gari, babu sauran ƙuri'a. Mai bincike karne zai duba, in babu, sai abin da uwa ta tuna. Yaron can mai ƙyanda, da bakin uwarsa aka bi, da an rubuta shi cikin waɗanda suka kammala, a ɗora wa allura laifin da ba nata ba. In irinsa suka yi yawa, lissafin gunduma guda ya karkace.

Saboda haka ke uwa, ki sa karne cikin leda, ki adana shi inda kike adana takardar haihuwa. Kada ki tashi daga gaban ma'aikaciya sai ta rubuta ranar da aka yi da ranar dawowa. In ba ki karatun Faransanci, ki sa ta faɗa miki da Fillanci ko Hausa. Ku kuma maza, da kuke da hoton kowane biki a waya, ku ɗauki hoton karnen duk lokacin da aka ƙara rubutu. In ya ɓace, a koma inda aka fara allurar a duba rajista, kada a ce "an yi duka" don gudun faɗan ma'aikaciya.