Ba Kowane Amai da Gudawa ne Kwalara ba

Da damina ta kankama, ruwa ya cika kwarin Majiya, sai gudawa ta yawaita a ƙauyukan Madawa, Buza da Keita. An ga kwalara a jihar Tawa a 2021, ta sake ɓulla a yankunan Buza, Madawa da Ƙonni a 2024, don haka ba laifi idan jama'a suka tsorata. Amma ido ba ya bambance ƙwayar kwalara da sauran ƙwayoyin cuta, domin a bayan-gidan mutum ɗaya akwai su miliyoyi a cakuɗe. Aikin ɗakin awo shi ne shuka su a kan abinci na musamman, a cikin ɗan faranti mai murfi, har mai laifin ta bayyana kanta.

Abincin nan aiki biyu yake yi: tankaɗe da rini. Wanda ake kira TCBS, da masana a Japan suka haɗa, yana ɗauke da gishirin ɗaci irin na matsarmama, kuma yana da kanwa-kanwa, abin da yawancin ƙwayoyin hanji ba sa jurewa, amma ƙwayar kwalara tana so. Wannan shi ne tankaɗen. Sannan an zuba masa sukari da wani launi mai sauyawa. Idan aka ajiye farantin a ɗumi irin na jikin mutum tsawon awa 18 zuwa 24, ƙwayar kwalara ta ci sukarin ta fitar da tsami, sai ɗige-ɗige ruwan ɗorawa su fito a kan koren faranti. Haka wani abincin mai suna MacConkey yake yi da sukarin madara: ƙwayar E. coli ta fito jaja-jaja, ƙwayoyin Salmonella da Shigella su fito fes ba launi.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, tunda akwai gwajin gaggawa na mintoci kaɗan, kuma kai samfuri har cibiyar CERMES a Yamai tafiya ce mai nisa. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, domin kwalara tana iya kashe mutum cikin sa'o'i. Sai dai ba a jiran sakamako kafin a ba majinyaci ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa. Gwajin gaggawa ƙararrawa ce kawai, yakan yi kuskure, kuma ba ya faɗin maganin da ƙwayar ta daina ji. Sai an raya ta a faranti ake iya gwada magunguna a kanta ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon ruwan ɗorawan ma ba hukunci ba ne, sai an ƙara tabbatar da cewa jinsin O1 ne ko O139, masu haddasa annoba.

Saboda haka, idan ma'aikacin lafiya ya nemi samfurin bayan-gida, kada kunya ta hana. A bayar da wuri, kafin a sha maganin kan tebur, domin shi ke kashe shaidar da za ta ceci sauran gari.