Maɗaurin Yubikwitin: Aikin Ƙwayar Gado ta Parkin a Tantanin Ɗan Adam

Wannan maƙala za ta duba aikin ƙwayar gado guda ɗaya da ake kira Parkin, wadda ke kan kuromosom na 6 a jikin ɗan Adam. Don kauce wa ruɗani, an yi amfani da "tantani" ga mafi ƙanƙantar ɗakin rai a jiki, "ƙwayar gado" kuwa ga umarnin da ake gadowa daga iyaye, saboda kalmar "ƙwayar halitta" da aka saba ji tana ɗaukar ma'anonin biyu.

Tantani ba ya rushe furotin da ka. Sai ya fara sa masa alama, kamar yadda mahauci kan shafa wa ragon da ya saya fenti a kara. Alamar nan ita ce yubikwitin, wani ɗan furotin mai gaɓoɓi 76, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin "ko'ina". Ciechanover da Hershko da Rose, waɗanda suka gano wannan tsari, sun sami kyautar Nobel a 2004. Ma'aikata uku ne ke aikin: na farko ya zaburar da yubikwitin, na biyu ya ɗauko shi, na uku ya zaɓi furotin da za a ɗaura wa. Na ukun nan aka fassara da "maɗauri", tun da sunansa na kimiyya daga aikatau na Latin mai nufin ɗaurewa ya fito. Jikin mutum na da irinsa fiye da 600, Parkin kuwa ɗaya ne daga cikinsu.

A 1998 wasu masana a Japan suka gano ƙwayar gadon a iyalan da cutar karkarwa ta Parkinson ke kama 'ya'yansu tun da ƙuruciya. Sai a 2008 aka fahimci babban aikinta. Cikin tantani akwai murafun da ke samar da ƙarfi, wato maitokondiriya. In murhu ya lalace, wani furotin mai suna PINK1 kan taru a bayansa, ya tayar da Parkin, wanda a da yake naɗe a kulle. Shi kuma sai ya yi ta ɗaura yubikwitin a kan furotin na bangon murhun, har tantani ya lulluɓe shi ya narkar.

Abin lura shi ne, Parkin ba ya rusa komai da kansa. Nuni kawai yake yi. Amma in nunin ya ɓace, lalatattun murafu sai su taru, kuma tantanin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, da yake suna da yawan buƙatar ƙarfi kuma ba a maye gurbinsu, su ne kan fara mutuwa. Galibi cutar ba ta bayyana sai mutum ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka, kuma sau da yawa takan fara kafin shekara 40.