Fachi: yadda kwamfuta ke hango inda tudun rairayi zai dosa

Duk wanda ya taɓa bin ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma ya san Fachi, zangon da ke tsakiyar hamadar Tenere a gindin dutsen Agram. Da gishiri da dabino garin yake rayuwa, kuma dukansu abokin gabarsu ɗaya ne: rairayi. Idan tudu ya matso, yakan binne ramin gishiri, ya shaƙe itacen dabino, ya cike rijiya. Abin da mai garka yake son sani shi ne ta ina rairayin zai ɓullo, kuma a cikin shekara nawa. Masana kimiyya na neman wannan amsa ta hanyar kwaikwayon hamada a cikin kwamfuta.

Tushen ilimin ya girmi kwamfutar kanta. A shekarar 1941, wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda ya daɗe yana ratsa hamadar Libiya, ya wallafa littafi a kan yadda iska ke kwasar rairayi. Ya nuna cewa ƙwayar rairayi ba ta tashi sama kamar ƙura. Tsalle take yi dab da ƙasa, idan ta faɗo sai ta bugi wasu, su ma su tashi. Ya kuma gano cewa idan ƙarfin iska ya ninka sau 2, rairayin da take ɗauka yakan ninka wajen sau 8. Shi ya sa ƴan kwanaki na iska mai ƙarfi a lokacin hunturu suke iya yin ɓarnar da watanni na iska mai sauƙi ba su yi ba.

Akwai wata ƙa'idar kuma. Iska na tura rairayi ya hau bayan tudu, ya zubo ta gaba. Da gangaren gaban ya kai tsayuwar digiri 34 ko kusa da haka, sai ya zabtare. Da wannan hawa da zubowa tudu ke tafiya, kuma ƙaramin tudu ya fi babba sauri, domin rairayin da za a kwashe bai kai na babban yawa ba.

Waɗannan ƙa'idoji ne ake shigar wa kwamfuta. Ana rarraba fili zuwa ƙananan gurabu masu ɗimbin yawa, kamar gurbin dara. Kowane gurbi ko dai rairayi ne, ko iska, ko ƙasa mai tauri. Sai a faɗa wa na'urar daga ina iska ke busowa, da wane ƙarfi, kuma kwana nawa a shekara. Ita kuma ta yi ta maimaita lissafi, tana matsar da rairayi daga gurbi zuwa gurbi, har tudu ya fito da kansa a kan allo. Tafiyar da tudu zai yi shekaru yana yi, ana iya kallonta cikin sa'o'i ko kwanaki.

Hamadar Nijar ma ta shiga wannan bincike. A shekarar 2015, Antoine Lucas da Clément Narteau da abokan aikinsu na Faransa sun wallafa sakamakon nazarinsu a mujallar Geology. Sun gwama hotunan Tenere da jiragen sama da taurarin ɗan Adam suka ɗauka cikin shekaru kusan 50, sannan suka kwaikwayi wurin a kwamfuta. Sun gano cewa dogayen tuddan nan masu kama da kunyar gona, waɗanda ke farawa daga bayan ƙananan duwatsu, ba sa matsawa gefe. Tsawo suke ƙarawa, bakinsu na bin inda iskokin shekara gaba ɗaya suke kora rairayi.

Wannan bambanci yana da amfani ga gari irin Fachi. Tudu mai siffar jinjirin wata yakan taso ɗungurungum, don haka abin da ke gabansa ne ke cikin haɗari. Dogon tudu kuwa, wanda ke gefensa na iya zama lafiya, wanda ke saitin bakinsa shi ne zai damu. Sanin haka na taimakawa wajen zaɓar inda za a kafa shingen rassan dabino, irin aikin tsayar da tuddai da aka daɗe ana yi a yankunan Gudumariya da Maine-Sorowa na jihar Diffa. Shinge na rage ƙarfin iska, rairayi ya taru a gindinsa. Idan aka kafa shi inda bai dace ba, an gina sabon tudu ke nan a ƙofar garka.

Sai dai kwamfuta ba ta duba. Abin da aka ba ta da shi take aiki, kuma tashoshin awon iska ba su da yawa a cikin Tenere. Idan alƙaluman iskar da aka shigar ba daidai ba ne, hasashen ma zai kauce. Saboda haka dole a riƙa gwada sakamakon da abin da ke ƙasa. A nan dattawan Fachi da madugan ayari suna da abin bayarwa, domin su ne suka san inda tudu yake a lokacin ƙuruciyarsu, da garkar da ya riga ya cinye.