In Mai Shago Ya Ce Wayarka Ta Mutu

Da an fara yankan riɗi a Gadarif ta gabashin Sudan, kasuwa kan canza fuska. Daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da manyan motoci ke shigo da buhunan riɗi da dawa kasuwar amfanin gona, kuɗi na shiga hannun mutanen da suka ci damina da bashi: manomi, ɗan ƙwadago, direban tarakta, mai ɗinkin buhu. Masu shagunan waya sun fi malamin gona sanin wannan lissafi. A irin wannan lokaci ne dattijo zai shiga shago da wayar da ta daina caji, ya ce a duba masa. Yaron shago zai karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya danna maɓalli sau biyu, ya girgiza kai.

"Baba, ai wannan ta gama aiki. Abin da za ka kashe mata, in ka ɗan yi ciko, sabuwa za ka ɗauka fil a kwali."

Kafin dattijo ya buɗe baki an jera masa guda uku a kan gilashi. Ko bayan wayar ba a buɗe ba, balle a auna batir ko a leƙa bakin caji. An yanke mata hukuncin mutuwa da kallo kawai, kuma wanda ya yanke hukuncin shi ne mai cin gadon.

Ba na ganin yaron nan mugu ne. A yawancin shagunan waya, daga Farm Centre ta Kano har kasuwar Gadarif, abin da yaron shago ke samu ya rataya ne a kan abin da ya sayar. In ya fitar da sabuwar waya yana da kamasho, maigida kuma zai sake masa fuska. In ya ce wa dattijo ya tsallaka wurin mai gyara a goge masa bakin caji, ya tashi a tutar babu. Mutumin da tuwon darensa ke cikin kwalin sabuwar waya, da wuya idonsa ya ga gyara. Laifin da ke kanmu masu saye shi ne muna ɗaukar maganarsa kamar ta likita, alhali dillali ne, kuma ba a taɓa jin mai goro ya ce na jiya da ke aljihunka bai bushe ba.

A wani gari da ake zaune lafiya, abin ba zai wuce asarar 'yan kuɗi ba. A Gadarif ya fi haka nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, wannan gari na gabashin Sudan ya zama masaukin waɗanda suka tsero. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar a Disambar 2023, sai ga wani ayarin. Da Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, ga wani. Makarantu da gidajen dangi suka cika. Hausawan Sudan, waɗanda kakanninsu suka bi hanyar Hajji da ƙafa ko suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, dama a warwatse suke tsakanin Mai Wurno da Kassala da Damazin da Gadarif, wasu a Saudiyya, wasu sun koma Kano. Yanzu zumuncin duka ya koma cikin saƙon murya na WhatsApp. Ta nan ake jin wanda ya tsira, ta nan ake jin rasuwa.

Sannan wayar ita ce lalita. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama hanyar da ɗan'uwa ke turo kuɗin cefane daga Jidda, da ita ake biyan mai shayi da mai magani. Kowa ya ga girmanta a farkon Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suka wayi gari da kuɗi a asusu amma babu na biredi a hannu. A Disambar 2024 kuma Babban Bankin Sudan ya canza takardun fam 500 da 1,000, aka ce a kai tsofaffin banki a zuba a asusu, tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka ƙara komawa kan waya. Saboda haka mutumin da wayarsa ta ƙi kawo wuta a firgice yake shiga shago. Mai firgici kuwa ba ya taya kaya.

Ga kuma farashi. Sudan ba ta ƙera waya. Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, Samsung ta Koriya ta Kudu ce, kuma dukansu da dala ake shigo da su. Gabanin yaƙi dala ɗaya na wajen fam 600, daga baya ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. "Ɗan ciko" da yaron shago ke faɗi da sassauƙar murya, buhunan dawa ne ba ɗaya ba biyu.

Kada wani ya ɗauka wannan halin 'yan kasuwarmu ne kaɗai. Manyan ma haka suke, sai dai nasu da kwat da takarda. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone da batirinsu ya yi rauni. Ya ce ya yi ne don kada wayar ta riƙa mutuwa ba zato, kuma mai yiwuwa da gaskiya a ciki, amma bai gaya wa masu wayar ba. Mutane da yawa suka ga waya ta yi nauyi suka sayi sabuwa, alhali canjin batir ya ishe su. Faransa ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25 a 2020 saboda ɓoye wannan bayani, a Amurka kuma ya yarda ya biya har dala miliyan 500 don a kashe ƙarar da aka shigar. Abin da ya fi ba ni sha'awa ya zo ne tsakanin nan. Don ya wanke kansa, kamfanin ya sauko da kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 a 2018. A Janairun 2019 shugabansa, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari cewa ciniki bai kai yadda aka zata ba, kuma cikin dalilan da ya lissafa har da wannan arahar batir. Wato da bakinsu sun faɗa: in gyara ya yi sauƙi, mutane ba sa gaggawar sayen sabuwa. A 2018 ɗin dai gidan talabijin na CBC a Kanada ya kai wata kwamfutar Apple shagon kamfanin a Toronto, aka yanka musu kuɗin gyara da ya kusa na sabuwa. Suka kai wa wani mai gyara a New York, Louis Rossmann, ya tarar wani ɗan siririn ƙarfe ne ya lanƙwashe, ya miƙar da shi cikin 'yan mintuna.

Turai ta gaji da wannan wasa. Daga 20 ga Yunin 2025, wayar da za a shigar kasuwar Tarayyar Turai dole a samu kayan gyaranta har shekara 7 bayan an daina sayar da irinta, a ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Mai waya a Gadarif ba shi da wannan gata. Abin da zai kare shi kawai shi ne ya san ciwon wayarsa kafin ya shiga shago.

Mafi yawan abin da ke kai waya shago kuwa ciwo ne na fata, bai kai zuciya ba. A ɗauki ƙin caji, wanda shi ne kan gaba. Gadarif gari ne na baƙar laka da damina, ƙura da rani, waya kuma kullum tana aljihun jallabiya tare da ɓurɓushin zare da ƙaiƙayi. Sannu a hankali datti ke cushe bakin caji har kan caja ya kasa isa ciki. Sau da yawa tsinken sakace a hannun mai haƙuri, waya a kashe, ya isa. In bakin ne ya lalace, a wayoyi da yawa yana kan wani ɗan ƙaramin allo ne daban da ake cirewa a sa wani, kuma yana cikin mafi arahar kayan gyara. Kafin ma a kai nan, a gwada wata igiyar caji. Sau nawa aka zagi waya alhali igiya ce ta tsinke ta ciki?

Sai batir. Batirin waya kamar tayar mota yake, an yi shi ne don ya ƙare a canza. Bayan caji ɗari biyar ko makamancin haka, wato shekara biyu ga mai amfani da waya kullum, yakan fara sanyi. Babban makiyinsa zafi ne, kuma wanda ya san Afrilu da Mayu a Gadarif, inda zafi ke haura maki 40, ya san abin da waya ke sha in an ajiye ta a gaban mota ko an bar ta a rumfar mai caji ƙarƙashin kwano. Ƙara da wutar janareta mai hawa da sauka da cajar ɗari-biyu-biyu. Alamar a bayyane take: waya ta mutu tana nuna kashi 30, ko bayanta ya kumbura, ko gilashi ya fara ɗagowa. Kumburarren batir ba abin wasa ba ne, yana iya kama wuta, a gaggauta cire shi. Amma batirin ne ya mutu, wayar na nan da ranta.

Nauyin waya ma sau da yawa ƙoshi ne. Bidiyon wa'azi, na biki, na labarin yaƙi da ake turowa a zaure goma na WhatsApp, duk suna sauka su cika rumbunta har ta kasa motsi. A share, a hana su sauka da kansu, sai ka ga ta farfaɗo. Fashewar sikirin ce gyaran da ya fi cin kuɗi, kuma a nan ya kamata a zauna a yi lissafi da gaske: a tambayi kuɗin na asali da na kwaikwayo, a san cewa na kwaikwayon ba zai kai hasken na farko ba, sannan a gwada da kuɗin sabuwar waya mai daraja ɗaya da taka. Na ce mai daraja ɗaya, domin dabarar da aka fi yi ita ce a gwada maka kuɗin gyaran babbar waya da farashin ƙaramar sabuwa, ka fita da kwali mai sheƙi da abin da bai kai wanda ka shigo da shi ba.

Su ma masu gyaran ba waliyyai ba ne, kada a ce na ɗaure musu gindi. Akwai mai sa tsohon batir ya ce sabo, akwai mai zare na asali ya maye da jabu, akwai wanda bai iya ba amma ba zai ce bai iya ba, sai ya ƙona fanel da iskar zafi sannan ya ce dama haka ka kawo ta. Maganinsu sananne ne: a yi ciniki kafin a kwance, a tsaya a yi aikin a gabanka in zai yiwu, a karɓi abin da aka cire, a zare layi da katin ajiya. Lambar sirrin Bankak kuwa ko ɗan cikinka ne mai gyaran, babu abin da ya haɗa ta da canjin batir.

Kuma akwai ranar da yaron shago ke da gaskiya. Wayar da ta kwana a ruwa har fanel ya ci tsatsa, gyaranta caca ce. Wadda ta tsufa har manhajoji suka daina hawa kanta, kamar yadda WhatsApp ya bar duk wayar da ba ta kai Android 5 ba tun Oktoban 2023, ko wadda manhajar banki ta ƙi buɗewa a kanta, sabon batir ba zai ƙara mata komai ba. Haka wadda aka kai gyara sau uku kan ciwo ɗaya. Amma wannan hukunci a ji shi daga wanda ya buɗe ta ya auna, wanda kuma ba shi da sabuwa a bayansa da yake son sayarwa. In ya ce ta mutu, a ji bakin na biyu. Jin ba ya cin ko fam ɗaya.

Wanda ya yanke shawarar sayen ta hannu, ya yi hattara da wani abu da yaƙi ya kawo. An wawashe gidaje da shaguna a Khartum da Jazira, kuma kayan wawaso ba sa zama wuri ɗaya. A danna *#06# a ga lambar shaidar wayar, a gwada da ta jikin kwali, a tabbatar babu asusun wani a kulle a ciki. Arahar da ta wuce hankali, galibi hawayen wani ne.

Mu koma wurin dattijonmu, wanda har yanzu yana tsaye gaban gilashi. Ya ce kuɗinsa ba su kai ba. Nan take yaro ya sauya murya: "To Baba, kawo tsohuwar mu karɓa, mu rage maka wani abu, don dai kai ne." Wayar da aka ce ta gama aiki minti biyar da suka wuce, ga shi an yi mata kuɗi. Ba sadaka shagon ke yi ba. Da yamma za a miƙa ta ga mai gyaran da ke lungun baya, ya share bakin caji, ya sa batir, ya manna sabon gilashin kariya, ya goge ta da ƙyalle. Jibi war haka tana cikin akwatin 'yan hannu da sabon farashi a goshi, tana jiran wani ɗan ƙwadago da ya karɓi kuɗin yankan riɗi, kuma yaron nan ɗaya ne zai rantse masa cewa lafiyarta ƙalau.