Yadda Ake Zaɓar Komar Ɗauko Kifi Kafin A Yi Odarta Ta Waya

A madatsun ruwan Mairuwa da Gwaigwaye da ke Funtua, kifi kan kuɓuce wa masunci a daidai bakin kwale-kwale, lokacin ɗago shi daga ruwa. A nan ne koma mai mariƙi ke da amfani.

Mai yin odarta a Jumia ko Jiji kada ya dogara da hoto, ya karanta awonta. Mariƙin alminiyum na kusan mita 1 ya wadatar. Idan ya yi gajarta, dole masunci ya riƙa sunkuyawa, jirgi kuma ya karkata.

Ragar roba ta fi ta lailon, domin ƙugiya da ƙayar tarwaɗa ba sa saurin sarƙewa a cikinta. Bakin komar ya kai kusan santimita 50, ta kuma yi zurfin da karfasa ba za ta yi tsalle ta fice ba.