Ƙararrawar da ke gadin ƙofa da haske: yadda ake haɗa ta ba tare da jan waya ba

Jama'a, duk masallacin da ya sayi lasifika da amfilifaya da batiran sola ya ajiye dukiya, kuma dukiyar al'umma ce, amana a wuyan kwamiti. Haka mai shago a Zangon Kwatano ko Cadjèhoun da ke kulle kayansa ya tafi gida. Akwai wata 'yar na'ura da matashi mai gyaran waya ko rediyo zai iya haɗawa, wadda za ta tashi mai gadi ko ladan da zarar wani ya ratsa ƙofa da dare.

Ana kafa ƙaramar fitila a gefe ɗaya na ƙofa, tana harba hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. A ɗaya gefen kuma akwai idon na'ura da ke kallonta. Muddin hasken yana isa, shiru. Idan jikin mutum ya tare shi, sai ƙaramar kwamfutar da ke haɗe da idon ta aika saƙo ta iska zuwa wata 'yar uwarta a ɗakin mai gadi, ita kuma ta kunna jiniya.

Ƙananan kwamfutocin nan iri-iri ne. Arduino, wadda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, ta fi sauƙin koyo, amma sai an ƙara mata na'urar rediyo kamar nRF24L01. A ganina ESP32 ta kamfanin Espressif, wadda ta fito a 2016, ta fi dacewa, domin da rediyonta take zuwa, kuma guda biyu suna iya magana kai tsaye ta tsarin ESP-NOW, babu intanet, babu sayen data. A kula, da wuta volt 3.3 take aiki. Wanda ya tura wa ƙafafunta volt 5 zai iya ƙona ta.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne hasken rana, domin ita ma rana tana zubo irin wannan haske, ta ruɗa idon. Maganinsa a sa fitilar ta riƙa ƙiftawa sau 38,000 a daƙiƙa, a kuma yi amfani da idon da wannan ƙiftawar kaɗai yake saurare. TSSP4038 na kamfanin Vishay don wannan aiki aka yi shi. Idon da aka ciro daga tsohuwar talabijin shi ma yana yi, sai dai idan ƙiftawar ta zo ba hutu yakan ɗauke ta hayaniya ya daina amsawa, don haka a riƙa aikawa guntu-guntu. Fitilar kuwa a ba ta wuta ta tiransista irin 2N2222 da rezista ohm 100, a cusa idon cikin guntun baƙin bututu don kada haske ya shigo masa ta gefe. Kyamarar wayoyi da yawa tana nuna hasken fitilar, wannan yana taimakawa wajen saiti. Fitilar leza kuma a bar ta: tana cutar da idon yara, ga filin jirgin saman Cardinal Bernardin Gantin nan Cadjèhoun.

Ƙararrawar da ke ihu kan ƙadangare da kyanwa, cikin mako guda za a cire mata batir. A umurci kwamfutar kada ta kula sai hasken ya yanke na kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wanda ya fi haka shi ne a sa haske biyu, ɗaya a gwiwa ɗaya a ƙirji, sai an tare su tare jiniya ta tashi. Akuya dai ba ta kai ƙirji ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne abin da zai faru idan ɓarawo ya fizge na'urar ƙofa, ko batirinta ya mutu. Idan an tsara ta ta yi magana sai ta ga mutum kawai, to shirunta zai yi kama da lafiya lau. Saboda haka a sa ta riƙa aika saƙon tana nan duk bayan daƙiƙa biyu. Idan ta ɗakin mai gadi ta rasa saƙo uku a jere, ta yi ƙara, da sauti daban da na shigar mutum, don ya san abin da zai je dubawa.

Kada a dogara da wutar SBEE kaɗai. Batir 18650 da allon caji TP4056 za su riƙe ta idan an ɗauke wuta, amma a gwada awa nawa suke kaiwa kafin a amince. A ba ladan makunni ɓoyayye da zai kashe ta kafin ya buɗe ƙofa da asuba. Iskar teku mai gishiri tana cin wayoyi a Kwatano, don haka a rufe komai cikin akwatin roba, a toshe ramukansa da gam. In hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, a riƙa goge ƙurar da ke kan fitilar da idon duk mako.